Daga Ina Arahar Na'ura Take Fitowa?

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, abin da nake so in yi bayani a kansa shi ne yadda kamfanonin ƙera na'urori suke gasar karya farashi, da kuma dabarun da suke bi su rage kuɗin da suke kashewa wajen ƙira. Mai yiwuwa wani ya ce ina ruwan ɗan makarantar kwana da wannan magana, tun da yake dokar makaranta ma ta hana mu riƙe waya. To, wani abu ne ya same mu a gida, shi ya sa na shiga bin diddigi.

A hutun bara wayar Babanmu ta faɗa ruwa a fadama, ta mutu. Shi manomi ne a wani ƙauye cikin ƙasar Roni, kuma da wayar nan yake jin yadda riɗi da wake suke a kasuwar Dawanau kafin ya yarda ya sallama wa 'yan sari. Sai ya sayar da tunkiya, ya damƙa wa Yayana kuɗin, ya ce mu tafi Kano mu samo masa wata. Muka shiga mota a Kazaure, muka bi ta Dambatta, ba mu zame ko'ina ba sai kasuwar waya ta Farm Centre. A wani shago aka ɗora mana wayoyi biyu a kan teburi. Girmansu ɗaya, launinsu ɗaya, kowace da idanun ɗaukar hoto uku a bayanta, amma ɗaya ta fi ɗaya sauƙi da wajen kashi ɗaya cikin uku. Mai shagon ya dubi Yayana ya ce, "Maigida, duk abu ɗaya ne, suna kawai za ka saya a waccan." Muka ɗauki mai sauƙin, muka komo gida da canji, Baba ya yi ta sa mana albarka. Ba a yi wata uku ba batirin ya kumbura har ya ɗaga murfi. Da aka kai wa mai gyara ya buɗe, sai ya nuna mana cewa idanu biyu daga cikin ukun nan ado ne kurum, babu kome a bayansu, sa'an nan ya ce babu inda za a sami batirin irinta. Tunkiya ta tafi ke nan.

Da muka dawo makaranta na ba Malaminmu na kwamfuta labari, na ƙare da cewa ai dama araha ba ta ado. Ya yi dariya ya ce karin maganar gaskiya ne, amma ba ta ƙare zancen ba. Ya ce in tambayi manya yadda abin yake a 2001, sa'ad da wayar salula ta shigo Nijeriya. A lokacin nan sai mai hali ke riƙe ta, ga shi kuwa ba ta iya kome sai kira da ɗan gajeren saƙo. Yau mai facin taya yana da wadda take ɗaukar hoto, tana nuna majigi, tana aika kuɗi. Ashe ke nan akwai arahar da take ado. Ya ce araha iri biyu ce, akwai wadda ta fito daga dabara, akwai wadda ta fito daga ƙwange, kuma a waje kamanninsu ɗaya.

Don ya nuna mini, sai ya kwance wata tsohuwar kwamfuta da ta daɗe a ajiye a kusurwar ɗakin, ya zaro wani allo mai tsawon tafin hannu da rabi, da 'yar fanka a manne a jikinsa. Wannan shi ake kira katin hoto. Aikinsa shi ne ya zana duk abin da ido yake gani a fuskar kwamfuta, kuma yakan sāke zanen sau sittin ko fiye a cikin daƙiƙa ɗaya, shi ya sa muke ganin abu yana motsi. Masu zanen gine-gine da masu haɗa majigi da masu wasannin kwamfuta ba su da abin da ya fi shi muhimmanci. Yayyenmu da suke karatu a makarantar Informatics da aka kafa nan Kazaure zamanin Gwamna Saminu Turaki, ko a Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu, sun san abin da nake nufi. A ƙarƙashin fankar akwai wani ɗan ɓalli baƙi mai kusurwa huɗu, wanda zan riƙa kira ƙwaya. Ita ce ƙwaƙwalwar katin, ita ce kuma ta fi kome tsada a jikinsa. A cikinta akwai miliyoyin 'yan makunnan lantarki da ake kira taransista, irin wanda ya ba rediyon kakanninmu suna, sai dai waɗannan ido ba ya ganinsu.

Kamfanoni biyu ne suka daɗe suna ja-in-ja a kan wannan sana'a. Ɗaya shi ne Nvidia, wanda aka kafa a Amurka a 1993. Ɗayan kuwa ATI ne na ƙasar Kanada, wanda kamfanin AMD ya saye a 2006, katunansa kuma ana kiransu Radeon. Karawar da ta fi ba ni sha'awa ita ce ta 2008. A watan Yuni na shekarar Nvidia ya fito da kati mai suna GTX 280 a kan dala 649, da ƙanensa GTX 260 a kan dala 399. Ko mako biyu ba a yi ba AMD ya fito da nasa, Radeon HD 4870 a kan dala 299, da HD 4850 a kan dala 199. Da masu gwaji suka gwada, sai aka ga na dala 299 ɗin nan yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da na dala 399, wani lokaci ma ya wuce shi. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Cikin 'yan makonni Nvidia ya mai da babban katinsa dala 499, ƙaramin kuma dala 299. Watau wanda ya yi gaggawar saye a Yuni, kafin Yuli ya ƙare ya ga dala 150 ta narke a hannunsa.

Tambayar da na yi wa Malam ita ce, yaya AMD ya iya sayarwa da wannan sauƙi bai karye ba? Sai ya ce in ɗauko littafin lissafi.

Ga yadda abin yake. Ba ɗaya-ɗaya ake ƙera ƙwayar ba. Ana tace sinadarin silikon, wanda asalinsa daga farin dutse da yashi ne, a yi masa siffar faifai mai faɗin milimita 300, watau tsawon rula irin wadda muke zuwa aji da ita. A kan faifan nan ake buga ƙwayoyi da yawa a jere, sa'an nan a yanka su. Ku tuna da mai alawar madara. Takan zuba ta a kan tire mai da'ira ta yayyanka ta gida-gida, kuma na bakin tiren ba su fita da kusurwa huɗu cikakku, sai ta ba yara. Kuɗin madara da sukari da itace ɗaya ne a kan kowane tire, saboda haka yawan gidajen da ta fitar shi ne ribarta.

Ƙwayar Nvidia ta 2008 tana da murabba'in milimita 576, watau 24 sau 24, kamar kan sarkin da ake manna wa wasiƙa, da taransista biliyan 1.4 a ciki. Ta AMD kuwa wajen 256 ce, watau 16 sau 16, kamar farcen babban yatsa, da taransista miliyan 956. Dukansu kuma a masana'anta ɗaya ake buga musu, ta kamfanin TSMC da ke Taiwan. To, filin faifan shi ne 150 sau 150 sau 22 bisa 7, ya ba mu wajen 70,700. In ka raba da 576 za ka sami 122, in ka raba da 256 za ka sami 276. In aka cire na baki da ba su cika ba, saura wajen 95 a nan, wajen 230 a can. Na yi lissafin nan sau biyu a lokacin karatun dare don ban yarda da na farko ba. Shi ne kuma karo na farko da na ga amfanin 22 bisa 7 a wajen ɗakin jarrabawa.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Komai tsabtar masana'anta, sai an sami 'yar ƙura ko wani aibi ya faɗa a kan faifan, kuma duk ƙwayar da ya faɗa wa ta sami matsala, kamar yadda tsakuwa ɗaya takan ɓata gidan alawa. A ƙaddara aibi 20 ne ya warwatsu a kan kowane faifai, wannan misalina ne kawai. Mai manyan ƙwayoyi saura 75 daga 95, ya yi asarar kashi ɗaya cikin biyar. Mai ƙanana saura 210 daga 230, asararsa ba ta kai kashi ɗaya cikin goma ba. Saboda haka ko da faifan mai ƙanana ya ɗan fi tsada, kowace ƙwaya tasa tana zuwa masa da sauƙin da abokin karawarsa ba zai iya kamowa ba. Abin da ya taimaki AMD ya ƙanƙanta tasa shi ne ya yi amfani da sabon salon bugu mai sirara, wanda ake kira na nanomita 55, alhali Nvidia yana kan na 65. Nanomita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Shi ma Nvidia bai yi barci ba. A farkon 2009 ya fito da GTX 285 a kan salon 55, ƙwayar ta ragu zuwa wajen 470.

Akwai wata dabara kuma wadda duk wanda ya taɓa zuwa lambu a bakin madatsar ruwan Kazaure ya sani. Mai tumatir ba ya zubar da wanda ya ɗan fashe, yakan ware shi ya sayar wa masu markaɗe da rangwame. Haka kamfanonin suke yi. GTX 280 da GTX 260 na farko ƙwaya ɗaya ce. A cikin babban an bar 'yan ma'aikatan lissafi 240 suna aiki, a cikin ƙaramin an rufe wasu an bar 192. Ƙwayar da aibi ya taɓa wani sashe nata sai a rufe sashen, a sayar da ita da ƙaramin suna da ƙaramin farashi. Ni ban ga laifin wannan ba, tun da yake an canza sunan, kowa ya san abin da yake saye. Allon da ƙwayar take zaune a kai ma ana rage masa tsada. Babban katin Nvidia yana da hanyoyi 512 tsakanin ƙwaya da ma'ajiyarta, na AMD 256 ne, sai ya sa ma'ajiya mai sauri ta cike gurbin. Hanyoyi kaɗan, tagulla kaɗan, aiki kaɗan.

Duk waɗannan arahar dabara ce. Mai saye ya biya kaɗan, bai rasa kome ba. Ɗayar arahar kuwa, kada wani ya zaci sai ƙananan kamfanoni marasa suna suke yin ta. A 2014 Nvidia ya fito da GTX 970, aka rubuta a kwalinsa cewa ma'ajiyarsa gigabait 4 ce. A farkon 2015 masu saye suka gano cewa uku da rabi ne suke aiki da cikakken sauri, sauran rabin yana jan ƙafa. Maganar ta kai kotu a Amurka, kuma a 2016 kamfanin ya yarda zai biya kowane mai saye dala 30. A 2018 kuma aka fito da wani ƙaramin kati, GT 1030, da ma'ajiya maras sauri, aka bar masa suna ɗaya da na farkon mai sauri. Wannan ya tuna mini da masu ƙosai a lokacin da wake ya yi tsada. Kuɗin bai canza ba, sunan bai canza ba, ƙosan ne ya motse.

Yanzu bari mu komo Farm Centre, domin kowace waya mai shafawa tana da ɗan katin hotonta, sai dai an haɗe shi da sauran ƙwaƙwalwar a cikin ƙwaya guda. Wani abin mamaki ma, sashen hoto da ke cikin ƙwayoyin kamfanin Qualcomm sunansa Adreno, kuma in ka jujjuya haruffan za ka sami Radeon, domin daga hannun AMD aka sayi sashen a 2009 a kan dala miliyan 65. Haɗe abubuwa da yawa a ƙwaya ɗaya shi ne babban abin da ya karya farashin waya. Kamfanin MediaTek na Taiwan ya shahara da sayar wa ƙananan masana'antu ƙwaya tare da tsarin wayar gaba ɗaya, su dai su sa murfi da batir da suna. Daga nan ne wayoyin nan 'yan Caina masu layi biyu da ƙarar gaske suka cika kasuwanninmu, suka fara ture Nokia, wanda a da ba shi da na biyu. Manya suna tuna Nokia 1100 mai tocila ta 2003, wadda samari suka laƙaba wa wani suna da ba zan rubuta a mujallar makaranta ba. A 2014 Nokia ya miƙa sashen wayarsa ga Microsoft.

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan sauyi shi ne kamfanin Transsion na Caina, wanda aka kafa a 2006, ya shigo Nijeriya a 2008, ya buɗe wurin harhaɗa waya a Habasha a 2011, kuma a 2017 ya wuce Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka. A ganina abin da ya yi shi ne ya zauna ya zaɓi inda zai rage da inda ba zai taɓa ba. Ya sa ƙwaya mai sauƙin kuɗi da jikin roba, amma ya bar babban batir, domin ya san akwai ƙauyukan da sai an kai waya wurin mai caji an biya. Ya bar gidan layi biyu, domin ya san akwai inda wannan layi yake kamawa wancan ba ya kamawa, kamar yadda mutanen Gwiwa da na bakin iyaka a Babura za su shaida. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Tecno da itel da Infinix duk nasa ne. In ka ga suna ta rige-rigen farashi a shago ɗaya, 'yan gida ɗaya ne aka raba wa rumfuna. Gasar gaskiya tana tsakaninsu da irin su Samsung da Xiaomi.

Gasa kuwa ba kowa take yi wa daɗi ba. Sa'ad da babban kamfani ya karya farashi dare ɗaya, wanda ya sari kaya da tsohon farashi shi yake kwana a ciki. A 2022 kamfanin EVGA, wanda ya yi shekaru yana harhaɗa katunan Nvidia, ya bar sana'ar katin hoto ɗungurungum, yana kukan yadda ake yanke farashi ba tare da shawara da shi ba. Mu ma a Kano mun ga irinta ta wata fuska, domin masaƙu da dama a Sharaɗa da Bompai da Challawa sun rufe sa'ad da tsadar wutar lantarki ta haɗu da atamfa mai sauƙi daga waje. Amma rashin gasa ya fi ciwo ga mai saye. A 2025, cikin kowane katin hoto goma da aka sayar, wajen tara na Nvidia ne, babban katinsa na shekarar kuma, RTX 5090, ya fito a kan dala 1,999. Ko an yi la'akari da faɗuwar darajar kuɗi tun 2008, tazarar tana da yawa. Babu wanda ya fito da irinsa da zai tilasta masa ya sauko, ga shi kuma masu aikin ƙirƙirarriyar basira suna layin sayen manyan ƙwayoyinsa da kuɗin da ya ninka wannan.

Mu a nan akwai kuma wani abu a tsakaninmu da arahar, watau dala. Ba mu buga ƙwaya a ƙasar nan, domin masana'antar zamani guda ɗaya takan ci fiye da dala biliyan 10. Kafin Yuni 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Saboda haka ko masu ƙira sun rage kashi goma cikin ɗari a can, kafin kayan su iso Kano ragin ya nutse. Mai saye sai ya huce a kan ɗan kasuwa, zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. A irin wannan lokaci ne kuma masu ƙwange suke samun kasuwa, domin kowa yana neman abin da aljihunsa zai iya, kamar yadda ni da Yayana muka yi.

Bayan girbi Baba ya sāke haɗa kuɗi, ya ce mu koma. Wannan karon ba shagon saye muka fara zuwa ba, rumfar masu gyara muka nufa. Yayana ya gai da wani dattijo a cikinsu ya ce, "Baba, wace waya ce ba ta cika zuwa muku ba, kuma in ta zo kuna da kayanta?" Ya ambata mana uku. Muka je shago muka ce a ba mu cikakken suna da lamba, muka kunna wayar muka duba ko ma'ajiyar da ke ciki ta yi daidai da abin da aka rubuta a kwali, muka rufe idanun hoton ɗaya-ɗaya da yatsa don mu ga wanne ke aiki. Yayana ya auna nauyin cajar a tafin hannunsa, ya ce a rubuta mana rasiɗi da takardar garanti. Mai shagon ya dube ni ya ce, "Kai yaro, a wace makaranta kake?" Wadda muka saya ido ɗaya gare ta a baya, jikinta roba ne, ba ta da ƙyalli ko kaɗan, canjin da ya rage kuma kuɗin mota kawai ya isa. Ranar ziyara da ta wuce Baba ya zo da ita a aljihu, ya ce sau biyu a mako yake kai ta caji.